TARIHIN FASAHA: Likitan da ya jona wa wani tsoho lantarki a fuska don ya ɗauki hoton murmushi

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, tarihi za mu ɗan leƙa. Amma kafin mu shiga, ina so ka yi wani ɗan gwaji, ba zai ci maka data ba. Buɗe kyamarar gaba ta wayarka, ka yi irin murmushin nan da kake yi idan an ce "a gyara, za a ɗauka", ka ɗauki kanka. Sai ka shiga tsofaffin hotunanka ka nemo wanda aka ɗauke ka ba ka sani ba, kana tsakiyar dariya da abokai. Ka kalle su ɗaya bayan ɗaya, ka sa yatsa ka rufe bakin a kowanne, idanu kawai za ka duba. A na biyun za ka ga kumatu sun ɗago, ido ya ƙanƙance, fatar gefensa ta tattare. A na farkon kuwa, galibi idon yana nan yadda yake, kamar ba shi da labarin abin da baki yake yi. Wannan shi ne Bahaushe yake ce wa yaƙe.

Abin nan da ka gani cikin minti ɗaya, wani likitan Faransa ne ya fara nuna shi da hoto, sama da shekara 160 da suka wuce. Sunansa Duchenne, ana furta shi "Dushen". Dalilin da ya sa na ɗauko labarinsa shi ne, a yau akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da masu su ke cewa za su kalli fuskarka ta kyamara su faɗi ko fushi kake, ko tsoro kake ji, ko hankalinka yana kan darasi, har ma ko ka cancanci a ɗauke ka aiki. Mu ma ai muna da karin maganar: labarin zuciya a tambayi fuska. To idan ka bi salsalar waɗannan manhajoji baya, za ka tarar da kanka a wani asibiti a birnin Paris, gaban wani tsoho marar haƙora da wayoyin wuta a goshinsa. Yana da kyau ka san yadda aka fara tambayar fuskar, kafin ka yarda da amsar da na'ura ta ce ta samu.

Mu fara da matsalar kyamarar wancan zamani, don idan ba ka gane ta ba, sauran labarin ba zai zauna maka ba. A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa. A farko sai mutum ya yi mintuna yana zaune kafin hoto ya kama. A 1851 wani Baturen Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da wata hanya: a shafa wa farantin gilashi wani sinadari mai danƙo, a tsoma shi a ruwan azurfa, a sa a kyamara yana jiƙe, a ɗauka, a wanke, duk cikin kamar minti 10 zuwa 15 kafin ya bushe. Wannan ya rage lokacin ƙwarai, amma duk da haka a cikin ɗaki sai kyamara ta yi daƙiƙu da idonta a buɗe tana shan haske. Shi ya sa masu hoto suke da wani ƙarfe da ake tokare ƙeyar mutum da shi ta baya, don kada kai ya motsa.

Yanzu ka yi tunani. Firgita, ko mamaki, ko dariyar da ta kufce maka, nawa take ɗauka? Kafin ka ce kwabo ta wuce. Wayarka a yau da rana tana iya ɗaukar hoto cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Kyamarar 1850 da wani abu kuwa, idan fuska ta motsa, hazo kawai za a gani. Kenan abin da masu bincike suka fi so su kama, shi ne ainihin abin da kyamarar ba ta iya kamawa.

An haifi Duchenne a 1806 a garin Boulogne da ke bakin teku a arewacin Faransa, shi ya sa ake ce masa Duchenne de Boulogne. Ya karanci likitanci a Paris, ya koma garinsu yana duba marasa lafiya, matarsa ta rasu bayan haihuwa, sannan a 1842 ya dawo Paris. Bai taɓa samun kujera a wani babban asibiti ba. Kullum sai ya ɗauki wani akwati mai batir da naɗaɗɗiyar waya a ciki, ya riƙa zagaya ɗakunan marasa lafiya yana neman masu shanyewar jiki. Abin da ya ƙware a kai shi ne tura wuta zuwa tsoka guda ɗaya tak ba tare da ya huda fata ba: sanduna biyu na ƙarfe masu jiƙaƙƙen kai, ya ɗora a daidai wurin da yake so, tsokar da ke ƙasa ta tsuke, maƙwabtanta suna kwance. Da wannan dabara ya gano abubuwa da yawa game da cututtukan tsoka da jijiya. Cutar nan mai cinye tsokar yara maza a hankali, har yau sunansa take amsawa a littattafan likitanci. Don haka kada ka ɗauka ɗan damfara ne, babban likita ne na gaske.

Da ya juyo kan fuska, sai ya ga akwatinsa ya warware masa matsalar kyamara. Matuƙar wutar tana shiga, tsokar za ta ci gaba da tsukewa. Wato zai iya haɗa fuskar tsoro, ya riƙe ta cak na tsawon daƙiƙun da gilashi ke buƙata. Tsakanin 1854 da 1856 ya yi aiki da wani mai hoto, Adrien Tournachon, ƙanin shahararren mai hoton nan Nadar. A 1862 littafin ya fito, Mécanisme de la physionomie humaine, ma'ana yadda injin fuskar ɗan adam ke aiki, da hotuna masu yawa da aka wanke aka liƙa da hannu.

Mutum shida ya yi amfani da su, kusan duk marasa lafiyarsa ne. Amma wanda ya fi fitowa wani tsoho ne ramamme, ba haƙora, mai gyaran takalma, shumeka dai. Duchenne bai ɓoye dalilin zaɓarsa ba. Na farko, fuskarsa ba ta da kitse, ga fata ta saki, duk tsokar da ta motsa za a gan ta ƙarara. Na biyu, kuma shi ne babba, yana da wata larura da ta kashe masa jin zafi a fuska. Duk wanda wuta ta taɓa ja ko a yatsa ne ya san abin da ake nufi, balle a kunci. Shi wannan tsoho ana iya jona masa sau da yawa ba tare da ya zabura ya ɓata hoton ba.

Haka likitan ya bi fuskar tsoka bayan tsoka yana raɗa musu suna. Ta goshi mai ɗaga gira, ya kira ta tsokar mayar da hankali. Wadda ke haɗe gira biyu, tsokar jin ciwo. 'Yar ƙaramar da ke saman karan hanci, tsokar faɗa. Shimfiɗaɗɗiyar nan ta wuya da ke jan fatar haɓa ƙasa, tsokar firgici. Wadda ta taso daga ƙashin kunci ta sauko kusurwar baki tana jan ta sama, ita ya kira tsokar farin ciki. Imaninsa shi ne Mahalicci ne ya rubuta wannan harshe a fuskar kowane ɗan adam, iri ɗaya a ko'ina, shi kuma aikinsa ya karanto haruffan.

A kan tsokar farin cikin ne ya ci karo da abin da ya sa har yau ake tuna shi. Ya jona wuta a kumatu biyu, baki ya buɗe, kusurwoyi suka hau sama, komai ya cika, amma da ka kalli hoton ka san akwai abin da ba daidai ba. Sai ya ajiye shi kusa da wani hoton da ya samu na tsohon yana dariyarsa ta gaske, ba waya ba batir. Bambancin yana ido. Akwai wata tsoka da ta zagaye ido kamar zobe, ita ce ke tura kumatu sama ta ƙanƙance idon. Duchenne ya yanke hukuncin cewa ta baki tana bin umarnin mutum, duk lokacin da ya so zai ja ta, amma ta ido ba ta amsa kiran kowa sai farin cikin gaske. Gwajin da ka yi ɗazu da wayarka, nasa ne.

To amma a nan nake so ka ɗan tsaya. Akwai hoton da ya fi kowanne shahara a littafin: tsohon ya zaro ido, baki a wangame, jijiyoyin wuya sun miƙe, kai ka ce zaki ya gani. An rubuta cewa hoton firgici ne. Shin tsohon ya firgita a lokacin? Ko kaɗan. Zaune yake a kujera, mutum biyu suna riƙe da sanduna a goshinsa da wuyansa. Abin da gilashin ya kama motsin tsoka ne, gaskiya ne kuma, ba wanda ya zana shi. Amma kalmar "firgici" ba kyamara ce ta samo ta ba, likita ne ya rubuta ta a ƙasa. Shi ya fara ƙudurta yadda tsoro ya kamata ya kasance, ya haɗa shi da wuta, ya ɗauka, sannan ya nuna hoton a matsayin hujja. A ganina duk rigimar da ake yi yau kan manhajojin karanta fuska, a cikin wannan hoto ɗaya take kwance.

Kuma mutumin bai tsaya a kimiyya ba. A ɓangaren ƙarshe na littafin ya sa wa wata matashiya mai matsalar gani tufafin wasan kwaikwayo, wani wurin tana addu'a, wani wurin tana matsayin Lady Macbeth ta wasan Shakespeare, yana ƙara mata mugunta a fuska da wuta. Har wani tsohon mutum-mutumi na zamanin da, Laocoön, wanda Turawa ke ji da shi, ya duba ya ce wanda ya sassaƙa ya yi kuskure, goshin ɗan adam ba ya iya tattarewa haka, ya sa aka yi kwafi aka gyara goshin. Ƙarfin hali kenan.

Littafin bai yi wani tashe ba a Faransa. Wanda ya ɗaga shi wani ne a Ingila, Charles Darwin. Shi tun haihuwar ɗansa na fari, William, a 1839 yake rubuta yadda jariri ke kuka da lokacin da ya fara murmushi. Ra'ayinsa ya saɓa da na Duchenne: shi yana ganin yanayin fuska gado ne da mutum ya haɗa da dabbobi, kamar yadda kare ke bayyana haƙora idan zai yi faɗa, kuma yana neman abin da zai ƙarfafa ra'ayin nasa na cewa halittu tushensu ɗaya. Ya nemi izini, Duchenne ya ba shi damar kwafar hotunan.

Ga inda Darwin ya burge ni, ko ka yarda da sauran ra'ayoyinsa ko ba ka yarda ba. Ya faɗa da kansa cewa da farko da ya kalli hotunan yana karanta bayanin da ke tare da su, sai ya ga kusan duk sun yi daidai. Daga baya ya zargi kansa: anya ba bayanin ne ya ja shi ba? Sai ya ware hotuna 11, ya ɓoye bayanin, ya riƙa nuna wa baƙin da ke zuwa gidansa, sama da mutum 20, maza da mata, manya da matasa, yana tambayar kowa me ya gani a fuskar nan. Wasu hotunan kusan kowa ya faɗi abu ɗaya. Wasu kuwa kowa da tasa amsar. Dariyar gaskiyar nan kowa ya gane ta nan take, ta lantarkin kuma yawanci sun ga kamar dariya ce amma ba ta kwanta musu ba, wasu ma suka kasa cewa komai. Ana lissafa wannan cikin gwaje-gwajen farko irinsa a ilimin halayyar ɗan adam. Kai ma ka san abin nan a Facebook: hoto ɗaya, wani ya rubuta "kalli yadda ya ji kunya", wani ya rubuta "kalli yadda yake dariyar mugunta", kuma kowane ɓangare ya rantse abin da ya gani kenan.

A watan Nuwamba 1872 littafin Darwin ya fito, The Expression of the Emotions in Man and Animals, kan yadda mutum da dabba ke bayyana abin da ke ransu. Sama da kwafi 5,000 aka saya a ranar farko. Yana cikin littattafan kimiyya na farko da aka buga da hotuna a ciki, ta wata sabuwar hanyar buga hoto da tawada, ba sai an liƙa da hannu ba.

Sai dai shi ma da nasa gyare-gyaren. Hoton firgicin nan, ba a buga shi yadda yake ba. An ba mai sassaƙa zane a katako ya kwafe shi, Darwin ya ce a cire sandunan wuta da hannuwan masu riƙe da su. Mai karatu a Landan sai ya ga tsoho cikin tsananin tsoro kawai, ba alamar waya. A yaren yau, an yi editin.

Sauran hotunan da yawa wani mai hoto ne ɗan asalin Sweden mazaunin Landan ya yi su, Oscar Rejlander. Wannan bawan Allah shi ne kakan masu Photoshop. Tun 1857 ya haɗa gilasan hoto kusan 30 ya fitar da hoto guda, har Sarauniya Victoria ta sayi kwafi. Da Darwin ya nemi hotunan mamaki da ƙyama da ɓacin rai da ɗaga kafaɗa, Rejlander ya ga ba sauƙi a samu wanda zai yi ya kuma riƙe, sai ya tsaya gaban kyamara da kansa ya yi. Hoton macen da ke yatsina baki cikin raini, matarsa ce Mary. Babban abin kuma shi ne jaririn nan mai tsala kuka, hoton da ya fi kowanne farin jini a littafin, wanda aka riƙa sayarwa daban dubun dubata da sunan Ginx's Baby. Jariri ai ba ya jin "tsaya kada ka motsa". Rejlander ya samu hoton, amma ƙarami ne kuma dishi-dishi. Sai ya faɗaɗa shi, ya zana shi da hannu da alli, sannan ya ɗauki hoton zanen. Abin da aka buga kenan. Wani mai binciken tarihin hoto, Phillip Prodger, shi ya bi diddigin wannan fiye da shekara 100 bayan haka. Ba na ce mutanen nan maƙaryata ba ne. A lokacin ba a riga an kafa ƙa'idar abin da ya halatta a yi wa hoton kimiyya ba, kuma kayan aikinsu ba su ba su wata mafita ba. Amma dai haka aka yi.

Don ya gane ko duk duniya fuska ɗaya ake yi, tun 1867 Darwin ya aika da takardar tambayoyi zuwa ƙasashe, ya samu amsa 36. Matsalarta biyu. Tambayoyin suna ɗauke da amsarsu a ciki, irin a ce maka "idan mutanen wurinku suka yi mamaki, suna buɗe baki su ɗaga gira, ko?" Sannan masu amsawar kusan duk Turawa ne, 'yan mishan da ma'aikatan mulkin mallaka da matafiya, suna ba da labarin fuskokin wasu. Cikin 'yan kaɗan da suka yi magana da bakin mutanensu akwai Christian Gaika, ɗan uwan wani sarkin Xhosa a kudancin Afirka.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: fuskokin su wa aka yi wannan kimiyya da su? Mafi yawa talakawa ne da ke kwance a asibiti, waɗanda ba su da bakin cewa a'a. A Ingila, likita Hugh Welch Diamond ya riƙa ɗaukar matan da ke asibitin masu taɓin hankali na Surrey, a 1856 ya gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society cewa hoto zai taimaka wajen gane ciwon hauka daga fuska. Wani likitan, James Crichton-Browne, ya aika wa Darwin hotunan marasa lafiyarsa da dama daga Wakefield. A Paris kuma, Charcot, wanda ke kiran Duchenne malaminsa, ya mayar da asibitin Salpêtrière kamar situdiyo, daga 1876 zuwa 1880 aka buga kundin hotunan mata masu wata larura da suke kira histeriya. Wadda ta fi shahara cikinsu wata yarinya ce, Augustine, da aka kawo tana 'yar shekara goma sha. An ɗauke ta a yanayi iri-iri, kowane hoto da sunan da likitoci suka ba shi. A 1880 ta sa kayan maza ta gudu daga asibitin.

Duchenne ya rasu a 1875, aikinsa na fuska ya kwanta kusan ƙarni guda. Wanda ya tashe shi Ba'amurke ne, Paul Ekman. A ƙarshen shekarun 1960 ya ɗauki hotunan fuskoki ya tafi wurin mutanen Fore a tsaunukan Papua New Guinea, waɗanda ba su saba da fim ko mujalla ba. Sai a ba mutum ɗan gajeren labari, misali wani ɗansa ya rasu, a nuna masa hotuna uku a ce ya zaɓi wanda ya dace. Yawanci sun zaɓi abin da Ba'amurke zai zaɓa, sai dai sun riƙa cakuɗa tsoro da mamaki. Daga nan maganar ta bazu cewa akwai yanayi 6 da duk ɗan adam ke nunawa iri ɗaya: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. A 1978 shi da Wallace Friesen suka fitar da tsarin FACS, wanda ya ba kowane motsin fuska lamba. Jan kusurwar baki sama lamba 12 ne, ɗaga kumatu da tsokar ido lamba 6. Idan 6 da 12 suka haɗu, Ekman ya sa masa suna murmushin Duchenne, don girmama likitan. Ka lura da wani abu: hotunan da aka yi waɗannan gwaje-gwaje da su, yawanci mutane aka sa suka yi fuskar da gangan. Wayoyin wuta sun tafi, amma shirin yana nan.

Lambobin nan su ne suka shigo kwamfuta, domin kwamfuta lamba take so. A 2007 Sony ta fitar da kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta da zarar ta ga murmushi. A 2017 iPhone X ta zo da Animoji, inda kyamarar gaba ke bin motsin fuska sama da 50 tana ɗora su a kan 'yar tsana. Filtocin Snapchat da TikTok ma bin motsin fuskar suke yi. Har nan ba matsala, na'ura ta iya wannan sosai. A nan ne nake so ka rarrabe abu uku da mutane ke haɗawa. Gane ko wane ne kai, irin Face ID, abu ne daban. Gane cewa bakinka ya buɗe ko girarka ta ɗaga, shi ma daban. Cewa an san abin da ke ranka saboda girarka ta ɗaga, wannan na ukun shi ne tsallen da Duchenne ya yi lokacin da ya rubuta "firgici" a ƙasan hoto, kuma shi ake sayarwa yanzu.

Bincike bai goyi bayan tsallen nan yadda ake zato ba. A 2019 wasu manyan masana biyar, cikinsu har da Lisa Feldman Barrett, suka duba nazarce-nazarce sama da 1,000. Abin da suka samu: mutum idan yana fushi, ɗaure fuskar da yake yi bai kai kashi 30 cikin 100 na lokutan ba. Sauran lokutan wani shiru zai yi, wani kuka, wani ma murmushi. Kuma mutum kan haɗe gira don yana lissafi, ko rana ta dame shi, ko cikinsa ke ciwo. Da aka gwada mutanen Himba na Namibiya ba tare da an ba su jerin kalmomin zaɓi ba, ba su raba hotunan gida shida yadda Amurkawa suka yi ba. A tsibiran Trobriand kuma, fuskar nan ta zaro ido da buɗe baki, wadda Turawa ke kira ta tsoro, su barazana suka gani a cikinta. Ko murmushin Duchenne ɗin kansa, an gano mutane da yawa suna iya matsa tsokar idon da gangan, 'yan fim ai sana'arsu ce. Mu da muka tashi cikin kunya da kawaici ba ma buƙatar dogon bayani. Amaryar da ke kuka ranar kai ta, ko uwar da ake yabon ɗanta na fari a gabanta ta kawar da kai kamar ba ta ji ba, ko wanda aka yi wa rasuwa yana amsa gaisuwa da murmushin da ya fi kuka ciwo, wace lamba na'ura za ta ba su?

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A 2018 wata mai bincike a Amurka, Lauren Rhue, ta zuba hotunan 'yan wasan ƙwallon kwando na NBA cikin manhajoji biyu na karanta fuska, Face++ da ta Microsoft. Baƙaƙen 'yan wasa sun fi samun makin fushi ko raini a kan fararen, a Face++ ma ko da suna murmushi. Ka ƙaddara irin wannan manhaja ce ke tace intabiyun aikin da ka nema ta intanet. Kamfanin HireVue, mai shirya irin wannan intabiyu ta bidiyo, ya sanar a farkon 2021 cewa ya daina auna fuskar masu neman aiki. A watan Yuni 2022 Microsoft ta ce za ta janye ɓangaren gane yanayin zuciya daga manhajarta ta fuska, tana mai cewa masana ba su ma daidaita kan ma'anar abin da ake aunawa ba. Daga 2 ga Fabrairu 2025 kuma, dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta haramta amfani da irin waɗannan manhajoji a wuraren aiki da makarantu, sai don dalilin lafiya ko kare rai. Dokar ta Turai ce, ba ta hana a kawo kayan a sayar a wasu ƙasashe ba.

Idan kana so ka gani da idonka, shiga Google ka rubuta "Duchenne de Boulogne 1862", ka danna ɓangaren hotuna. Za ka ga tsohon da farar riga a buɗe a wuya. Mutumin da ke tsaye gefensa cikin baƙar kwat, riƙe da sanda a kuncinsa, shi ne Duchenne da kansa. Sannan ka rubuta "Darwin Expression terror Duchenne" ka nemo zanen da aka buga a 1872, ka ajiye su gefe da gefe, ka nemi hannuwan. Kundin hotunan na asali, likitan ya ba makarantar koyon zane ta École des Beaux-Arts da ke Paris a shekarar da ya rasu. A cikin littafin ya bayyana ramar tsohon, da rashin haƙoransa, da larurar fuskarsa, amma bai rubuta sunansa ba.